Bindigata Tana Cin Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyaran Ƙota

Duk shekara, da an kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe, hazo ya sauko wa Kaduna, sai magana ɗaya ta riƙa dawo mini ta bakuna daban-daban: "Malam, bindigata ƙasa take ci." Wani ya ɗora wa harsashi laifi, wani ya ce bututu ne ya lanƙwashe, wani kuma har ya fara neman mai saye. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini na amsa su a wuri guda. Maganar duka a kan bindigar farauta ce mai feshi, irin lamba 12 (awon faɗin bututunta ke nan), mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda mai ita yake da lasisinta.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar da zafi shi ne wata zabuwa da na taɓa tsinta a gefen wata gonar dawa ta wajen Kujama. Ƙafafunta biyu a karye, kumburi ya kama su, tana jan ƙirji a ƙasa tana neman shiga ƙarƙashin kara, kuma ga alama ta kwana biyu a haka. Wani ne ya harbe ta tana tashi, feshin ya bi ta ƙarƙashinta, gefensa kawai ya taɓa ta. Ba ta faɗi inda zai same ta ya yanka ba, ba ta kuma tsira ba. Addininmu ya umarce mu da kyautatawa hatta wajen kisa da yanka, kuma bindigar da ke cin ƙasa ita ce ke haifar da irin wannan azaba fiye da komai.

Malam, na leƙa bututun bindigata, a miƙe yake sambal. To me zai sa ta ci ƙasa?

Bindigar feshi saiti ɗaya gare ta, wato ɗan ɗigon ƙarfen nan da ke kan baki. Saitin baya babu shi, idonka ne yake tsayawa a matsayinsa. Shi kuma ido ba a iska yake rataye ba: kuncinka yana kwance a kan ƙota, wato itacen gindin bindiga, saboda haka tsayin itacen da ke ƙarƙashin kuncin shi ke yanke inda ido zai zauna. Wannan wurin da kunci ke kwanciya shi nake kira doron ƙota. Idan doron ya yi ƙasa, ido ya yi ƙasa. Kai kuma, ba tare da ka sani ba, sai ka sunkuyar da bakin bindiga don ɗigon ya haɗu da tsuntsu, feshi ya tafi ƙasa. A ɗaga doron, ido ya ɗaga, feshi ya ɗaga. Inda ido ya matsa, nan harbi ke bi.

Masana'antu suna sassaƙa ƙota ne a kan matsakaicin mutum. Yawancin bindigogin farauta na zamani, idan ka ɗora miƙaƙƙen katako a kan bututu ya zarce ta saman ƙota, za ka ga tazarar kusan inci ɗaya da rabi a gaban doro, inci biyu da kwata zuwa biyu da rabi a can ƙarshe, tsawo daga kunama zuwa tafin ƙota, wato fuskar da ke zama a kafaɗa, kuma wajen inci 14. Tsofaffin bindigogi masu baki biyu na farkon ƙarnin da ya wuce, musamman na Amurka, wasu saukar ƙarshensu tana kai inci uku. Amma fuska ba ɗaya ba ce. Mai cikakken kumatu idonsa yana zama sama. Siririn mutum mai dogon wuya, wanda ƙashin kuncinsa ke kusa da ido, nasa idon nutsewa yake yi. Shi ya sa za ka ga bindigar da uba ya yi shekara talatin yana cika jaka da ita, ɗa ya gada, ta ƙi shi.

Na yi aikin soja har na yi ritaya, ban taɓa jin an ce a gyara ƙota don harbi ya daidaita ba.

Ranka ya daɗe, gaskiya ka faɗa, kuma irin wannan tambaya tana yawa a garin nan. Kaduna gari ne na soja: ga Makarantar Horar da Hafsoshi tun 1964, ga masana'antar makamai ta Kakuri da aka kafa a shekarar, ga Jaji a kan hanyar Zariya. Mutane da yawa a hannun soja suka fara sanin bindiga. Sai dai bindigar soja saiti biyu gare ta, na gaba da na baya. Kana jera su, ka rufe ido ɗaya, ka riƙe numfashi, ka matsa kunama a hankali. Ko ƙota ba ta zauna maka ba, za ka murɗa wuya har saitin biyu su haɗu, idan kuma ta kauce ka juya saitin.

Fakarar da ta fashe daga cikin ciyawa ba ta ba ka wannan lokacin. Idanu biyu a buɗe, a kan tsuntsu, bindiga ta hau kunci, ta tashi. Nuni ake yi da ita kamar yadda ake nuni da yatsa. Tunda babu saitin da za a juya, itacen ake juyawa. Kuma akwai wata ɗabi'a da masu horon soja ke zuwa da ita, ta ajiye abin harbi a saman ɗigo don a riƙa ganinsa sarai. Tsuntsun da ke hawa sama, kafin feshi ya isa, ya bar wurin.

Kafin in ɓata harsashi, akwai gwajin da zan iya yi a ɗaki?

Akwai. Karya bindigar, ka leƙa, ka sa yatsa ka tabbatar babu komai a ciki. Harsashi ma ka fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya. Tsaya gaban babban madubi, ka rufe idanu, ka ɗaga bindiga zuwa kunci yadda ka saba a daji, sannan ka buɗe ido ba tare da ka gyara kai ba. Dubi idonka na cikin madubi. Abin da ake so, baƙin ido ya zauna cif a saman layin ƙarfen da ke kan bututu, kamar wata ya ɗora a kan katanga. Idan rabinsa ya ɓuya, ko ma ba ka ga komai ba sai bayan ƙarfe da sakatar buɗewa, doron ya yi maka ƙasa. Maimaita sau goma, don ɗagawa ɗaya ba ta zama shaida.

Kada ka sa ɗan'uwanka ya tsaya gaban bakin bindiga ya duba maka ido, ko da ka rantse babu harsashi. Madubi ya wadatar.

Wani abu kuma da ke biyo bayan doron da ya yi ƙasa sosai: idan ƙarfe ya tare idon dama, idon hagu ne zai karɓi aiki, sai harbi ya riƙa kaucewa hagu ga mai harbi da kafaɗar dama. Mutum ya zaci ciwo biyu ne, alhali tushensu ɗaya.

To yaya ake gwajin takarda da kake yawan faɗa?

Gani ya kori ji. A daji ba ka ganin inda ƙwayoyi suka bi, zato kawai kake yi, kuma zaton maharbi bayan ya kuskure ba abin dogaro ba ne.

Nemi babbar takarda, aƙalla yadi ɗaya a tsaye da kwance. Takardar buhun siminti da aka farke aka haɗa da salatif tana yi, kwalin firji ko na talabijin ma ya fi. Kafa sanduna biyu a gaban tudu ko gaɓar rafi mai taushin ƙasa, ka ɗaure takardar, tsakiyarta daidai tsayin idonka. Kada ka jingina ta da dutse ko ƙarfe, ƙwayar dalma tana dawowa. Da gawayi ka yi ɗigo a tsakiya kamar girman murfin kwalba. Sai ka auna yadi 16 daga takarda zuwa inda bakin bindiga zai tsaya. Ƙafa 48 ke nan, kusan mita 14 da rabi. Ka yanki igiya daidai wannan tsawon tun daga gida da tef ɗin tela, don taku yana ruɗi.

Harbin kashi biyu ne, kuma kowanne da abin da yake tonawa.

Na farko, bindigar ake tuhuma. Zauna, ka ɗora hannun da ke riƙe da gaban bindiga a kan buhun yashi, ka daidaita ido da layin ƙarfe a tsanake kamar mai bindigar soja, ka harba sau uku. Idan feshin ya kewaye ɗigon, bututu lafiyarsa lau. Mai baki biyu ya gwada kowane baki a takardarsa daban.

Na biyu, zaman bindigar a jikinka ake tuhuma. Sabuwar takarda. Tsaya, bindiga a ƙasan hammata, ido a kan ɗigon gawayi. Ɗaga ta a natse, da ta taɓa kunci ka harba. Kada ka gyara, kada ka kalli bututu. Sau biyar a takarda ɗaya. A yadi 16 feshin bai gama buɗewa ba, za ka ga wuri ɗaya ya yi dagaje-dagaje, wani lokaci har ya ɓule. Wannan wurin shi ne inda bindigarka ke ci a hannunka. Sa tef ka auna daga tsakiyarsa zuwa ɗigon, ka rubuta a jikin takardar tare da kwanan wata da irin harsashin.

Idan harbin nan biyar sun warwatsu, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ɗaya gefe, kada ka taɓa ƙota tukuna. Ɗagawarka ce ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Koma gaban madubi ka yi mako biyu kana ɗagawa sau ashirin ko talatin kullum, sannan ka dawo. Ba a yi wa mutumin da ke rawa awon riga.

Me ya sa lallai sai yadi 16?

Lissafi ne mai sauƙi da masu ƙera bindiga na Ingila suka daɗe suna aiki da shi. Daga idonka zuwa ɗigon saiti kusan yadi ɗaya ne. Daga ɗigon zuwa takarda yadi 16. Saboda haka duk motsin da ido ya yi, takarda za ta nuna shi ninki 16. Inci ɗaya a takarda daidai yake da kashi ɗaya cikin 16 na inci a doron ƙota, wato kusan milimita ɗaya da rabi.

Kawu, na gwada, na samu inci uku ƙasa. Wannan har wani abu ne?

Babban abu ne, ɗana. Inci uku a yadi 16 ya zama inci bakwai da rabi a yadi 40. A wannan nisan, da'irar inci 30 ake auna feshi da ita. Ka ga kwatan faɗin feshinka ya sauka ƙasa da inda kake kallo, tsakiyar da ƙwayoyi suka fi cunkushewa tana wucewa ta ƙarƙashin tsuntsu, shi kuma yana samun gefen da ya yi shara-shara. Haka ake karya ƙafa.

Maganinsa kashi uku cikin 16 na inci, kusan milimita biyar. Idan ba ka da abin auna ƙananan kauri, katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne. Biyu a haɗe sun kusa kashi ɗaya cikin 16 na inci. Kenan kati biyu ga kowane inci ɗaya da ka gani a takarda. Naka inci uku, kaurin kati shida kake nema.

Da me zan ƙara tsayin?

Fara da abin da za ka iya cirewa. Yanka siraran kwali, faɗin yatsa ɗaya da rabi, tsawon tafin hannu, ka jera su a kan doron har su kai kaurin da ka lissafa, ka naɗe da salatif. Koma ka harba biyar. Kwali yana lotsawa idan kunci ya danna shi, don haka kada ka yi mamaki idan sai ka ƙara ɗaya. Ƙara kaɗan-kaɗan, kana harbi kana aunawa.

A nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin: sai su samo soso ko tsohon silifa su lulluɓe ƙota gaba ɗaya, sama da gefe. Abin da ka ƙara a gefen da fuska ke taɓawa yana ture ido waje. Mai harbi da dama zai ga feshi ya hau sama yadda yake so, amma ya koma hagu. Ƙarin ya tsaya a kan doro kawai. Soso mai laushi kuma ba shi da amana, yau ka danna da ƙarfi, gobe a hankali, tsayin ido yana canzawa.

Idan takarda ta nuna abin da kake so sau biyu a ranaku daban-daban, sai ka mai da shi na dindindin. Ni abin da na fi so shi ne aikin baduku. Ka kai masa awon ƙota a zane tare da kwalin da ka gwada, ba sai ka ɗauki bindiga ka shiga kasuwa ba. Ya yanka fata mai tauri ya jera ta daidai kaurin kwalin, ya ɗinka mata riga ta fata mai laushi da za a ɗaure da igiya ta ƙasan ƙota. Ka ce masa ɗinkin ya koma ɓangaren da fuska ba ta taɓawa, bakin gaba kuma ya fere shi ya kwanta, don kada ya daki ƙashin kunci idan bindiga ta yi naushi. A ɗaure tam. Rigar da ke zamewa gara babu ita.

Akwai bindigogin da ake sayar da su da doro mai hawa da sauka a kan ƙusoshi biyu, wasu kamfanoni irin su Beretta da Benelli kuma suna haɗa wasu samfuransu da siraran faranti da ake sawa tsakanin ƙota da ƙarfe. Wanda tasa ke da wannan, aikinsa ya zo da sauƙi, lissafin dai ɗaya ne.

Da zafi ina samu, amma da sanyin asuba na hunturu sai in yi ta kuskure. Sanyi yana shafar harsashi ne?

Dubi abin da ka sa a jikinka tukuna. Doron bindigar farauta gangare ne, gaba ya fi tsayi, baya ya fi sauka. Idan ka sa rigar sanyi mai kauri, ka ɗora rigar farauta a kai, wani ma da layu a kafaɗa, ka ƙara wa ƙota tsawo ke nan da rabin inci ko fiye. Bindiga ta matsa gaba, kuncinka ya koma baya inda doro ya fi sauka, ido ya nutse. Haka ma wanda ya ƙara roba mai kauri a tafin ƙota don rage naushi: kafaɗa ta huta, harbi ya sauka.

Awon tsawo shi ne, idan ka ɗaga bindiga, tsakanin hancinka da gindin babban yatsan hannun da ke kan kunama a samu faɗin yatsu biyu. Ya fi haka sosai, ƙota ta yi tsawo. Kuma gwajin takarda a yi shi da tufafin da za a shiga daji da su. Kada ka gwada da singileti a watan Afrilu ka ce ka shirya wa Disamba.

Hunturu yana da wata ɓarnar: iskarsa tana busar da itace ya tsuke, ƙusar da ta riƙe ƙota ta yi sako-sako. Riƙe bututu ka girgiza ƙota. Idan tana motsi, a ɗaure ta kafin a yi maganar awo.

Na ji ana maganar karkatar tafin ƙota. Mene ne shi?

Tafin ƙota shi ne fuskar da ke zama a kafaɗa, yana da kusurwar sama da ta ƙasa. Tsayar da bindiga, babu harsashi, tafin ya zauna daram a kan daɓe, ka matsa ta har saman ƙarfenta ya taɓa bango. Bakin zai ɗan nisanci bangon, galibi wajen inci biyu. Idan nisan ya yi yawa, kusurwar sama ce ke fara tokare kafaɗa, bakin bindiga yana son kallon ƙasa. Idan babu nisan sam, kusurwar ƙasa ce ke soke ƙirji, bindiga ta yi tsalle ta mari kunci. Gwajinsa, a sassauta ƙusoshin robar tafin a cusa kwali ta wajen ƙusar ƙasa, a ɗaure, a harba a gani. Amma wannan na bayan doro ne. Cikin masu kawo mini kukan cin ƙasa, kaɗan ne matsalarsu ke nan.

Yaya, na ɗaga doro har ina ganin layin ƙarfe da yawa, amma har yanzu ƙasa nake samu.

To a nan sai mu yi maganar da maza ba sa son ji, kuma babu abin kunya a cikinta. Jiki yana tsoron naushi. Bindiga mai baki ɗaya ba ta da nauyi, idan aka sa mata harsashin da nauyin ƙwayoyinsa ya kai gram 32 ko fiye tana duka sosai. Bayan ta daki mutum sau da yawa, jikinsa yana koyon tarar dukan: daidai lokacin jan kunama kafaɗa ta tura gaba, ido ya ƙifta, baki ya dunƙura ƙasa. Mai yi ba ya sanin yana yi, domin ƙarar harbi tana rufe komai.

Ga yadda ake kama shi. Ka juya baya, amintaccen abokinka ya ɗura maka, bakin bindiga yana kallon tudu. Wani lokaci ya sa harsashi na gaske, wani lokaci ya sa na gwaji wanda ba ya tashi, kai ba ka sani ba. Ranar da ka ja kunama ta ce ƙyas, ka ga baki ya yi sujada, ka samu amsarka. Na ga ƙato ya yi wannan gwajin, ya tsaya shiru yana kallon bindigar, sannan ya ce, "Ashe ni ne." Daga ranar gyaransa ya fara.

Maganinsa harsashi mai sauƙi, irin mai gram 28, da toshe kunne, domin rabin zaburar daga ƙara take zuwa, da kuma matse ƙota a lungun kafaɗa maimakon a kan dantse. Kunama mai tauri ita ma tana jan baki ƙasa, amma kada ka sa mata zarto da kanka. Kunamar da aka goge ba bisa ilimi ba tana iya tashi da faɗuwa kawai.

Ba harsashin ba ne ya yi rauni?

A yadi 16 a'a. Ƙwayoyi suna fita da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa, saukar da nauyinsu zai jawo a wannan ɗan nisan ba ta kai a yi magana ba. Idan kana harbin zabo daga yadi 60, wannan ba matsalar ƙota ba ce, ka matsa kusa ko ka ƙyale shi.

Abin da ya fi cancanta ka duba shi ne ɗigon saiti. Masu ɗaura dogon ɗigo mai ƙyalli a kan baki su sani, duk abin da ya ƙara wa saitin gaba tsayi yana saukar da harbi. Cire shi ka sake gwaji.

Wani dattijo ya ce an ɗaure mini bakin bindiga ne.

Ka yi addu'arka, ka yi bisimilla kamar kullum, ka girmama dattijo. Sannan ka kafa takarda. Idan biyar sun taru wuri ɗaya inci uku a ƙasa, ka ga abin da tef zai iya aunawa, fata kuma ta gyara.

Akwai maƙerin da ya ce zai ɗan lanƙwasa bututun sama, ko a rage masa tsawo.

Kada ka yarda. Garin neman gira za a rasa ido, kuma a nan idon gaske nake nufi. Bangon bututun bindigar feshi siriri ne. Wanda aka sa a gwafar itace aka danna yana iya samun lotsawa ko tsagar da ido ba ya gani, ranar da zai fashe kuma hannunka na hagu yana kansa, fuskarka tana bayansa. A mai baki biyu, dannawar tana iya raba haɗin bututun biyu.

Ga kuma doka. Dokar Makamai ta 1959 ta hana gyaran bindiga sai ga wanda aka ba izini, ta kuma hana rage bututun bindigar feshi ya gaza inci 20. Idan gwajin farko na kan buhun yashi ya nuna bututun kansa ne ke cin ƙasa, ka kai wa mai izinin gyara. Shi ma itacen ƙota, ƙwararru a Turai suna lanƙwasa shi da zafi da mai, amma aiki ne na wanda ya koya, mai gwadawa a gida ƙota yake karyawa a wuya. Kuma lura, mai fama da cin ƙasa ƙari yake bukata. Duk wanda ya ɗauko abin fere itace zai rage doro, ciwon zai ƙara maka.

Idan na gyara, a ina ya kamata tsakiyar feshi ta zauna? Daidai kan ɗigo?

Ya danganta da abin da kake farauta. Mai bin zomo da abin da ke gudu a ƙasa, rabi sama rabi ƙasa ya yi masa. Mai bin zabo da fakara, waɗanda ke tashi suna hawa, ni ina ba shi shawarar kashi 60 sama, 40 ƙasa. A yadi 40 wannan yana nufin tsakiyar feshi ta hau inci uku, a takardarka ta yadi 16 kuma inci ɗaya da ɗan ɗoriya. Amfaninsa, kana ganin tsuntsu a saman baki lokacin da kake harbi, ba sai ka rufe shi da bututu ya ɓace maka ba. Kada dai a zarce. Bindigar da ke cin sama da yawa tana tsallake kurciyar da ke saukowa.

Mu masu bindigar toka fa?

Ƙa'idar ido da doro ɗaya ce, rigar fata ma tana yi muku aiki. Abin da nake roƙo, kada wanda ya ga tana cin ƙasa ya ce bari ya ƙara albarushi. Ƙarin albarushi ba ya ɗaga ido, bututu yake fasawa. Ita ma tana bukatar lasisi, nata daga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake fitowa, na bindigar harsashi kuma daga Sufeto Janar.

A halin da ake ciki a Kaduna, ina mutum zai je ya yi wannan gwajin?

Wannan tambaya ta fi duk na baya nauyi. Ƙarar bindiga a gefen ƙauye yanzu ba kamar da ba ce. Mata za su kwashi yara, 'yan sintiri su fito, jami'an tsaro su zo da shirin faɗa, kuma suna da hujja. Saboda haka kada ka yi shi a ɓoye. Je ofishin 'yan sanda na yankin da lasisinka ka faɗi abin da kake son yi, ka sanar da mai unguwa ko dagaci da sarkin dawa, a san rana, a san lokaci, a san harbi nawa ne. Idan aka ce a dakata, ka dakata. Gonar da ka sani, da izinin mai ita, da rana tsaka, ba da magariba ba. Bayan takarda a samu tudu, bayan tudun kuma fili na aƙalla mita 300 da ido ke gani babu mutum, babu shanu, babu hanya. Harsashi mai manyan ƙwayoyi yana wuce haka, don haka yi gwajin da mai ƙanana. Gandun Kamuku na Birnin Gwari wurin da doka ta hana farauta ne, kada ma a kusance shi da bindiga.

A hanya bindiga ta kasance a karye, cikin jaka, babu harsashi a ciki, lasisi a aljihun gaba inda hannu zai kai ba tare da lalube ba. Ga mai baki ɗaya, harsashi goma sha biyar ya isa zuwa ɗaya: uku na buhun yashi, biyar na farko, biyar bayan an ɗora kwali, biyu na ko-ta-kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a gama wannan tun ana girbi, kafin a fara shiga daji. Ka tsince kwanson harsashinka, ka naɗe takardun ka kai gida. Baɗi idan hazo ya sauko, ka warware su kusa da sabuwa ka gwada.